Tsarin Mayaƙa da Kayan Yaƙi a Tsohuwar Ƙasar Abuja, 1828 zuwa 1902

Ƙaramar ƙasa wadda manya suka kewaye tana da tsoro iri biyu game da mayaƙanta. Na fari shi ne kada su kasa tsare ta ran da maƙwabci ya kawo yaƙi. Na biyu kuwa shi ne kada wanda aka danƙa wa mayaƙan ya ga ƙarfi ya taru a hannunsa, ya juyo da su ya ci gida. Wahalar abin ita ce maganin na farin shi ke jawo na biyun, gama ba a korar babban maƙiyi sai an tara dawaki da makamai ƙarƙashin umurnin mutum ɗaya, mutumin nan kuwa in ya so gadon sarauta babu mai hana shi. Wannan takarda za ta duba yadda wata ƙaramar ƙasar Hausa ta zauna da waɗannan tsoro biyu har shekara saba'in da huɗu, ta kuma duba abin da sunayen sarautunta da na kayan yaƙinta su ke nunawa game da haka.

Ƙasar da a ke nufi ita ce tsohuwar Abuja, watau garin da yanzu a ke kira Suleja cikin Jihar Neja. An ɗauki sunan Abuja an ba sabon babban birnin Nijeriya bayan dokar 1976, tsohon garin kuma aka sa masa sunan Sarki Sulaimanu Barau. Labarin sarautun ƙasar ya tsira ne saboda Malam Hassan da Malam Shu'aibu, mutanen garin, sun rubuta shi da Hausa, Frank Heath ya juya shi Turanci aka buga a 1952. Daga baya M. G. Smith ya gwada tsarin nan da na Zariya cikin littafinsa na mulkin Zazzau wanda ya fito a 1960.

1. Asalin Ƙasar da Maƙwabtanta

Sa'ad da Malam Musa ya zo da tutar jihadi ya ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da waɗanda suka bi shi. Ya bi ta Kajuru, ya sauka Zuba cikin ƙasar Koro, daga can ya yi ta yaƙi har aka kashe shi kusa da Lapai a 1825. Ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, shi ne ya kafa sabon gari a bakin kogin Iku a 1828, garin ya ci sunansa. Bayan Abu Ja sai Abu Kwaka, daga 1851 zuwa 1877, sa'an nan Ibrahim, wanda a ke yi wa laƙabi Dodon Gwari, daga 1877 zuwa 1902.

Abin lura a nan shi ne waɗanda suka gudo ba su zo da ƙasa ba, amma sun zo da sarautu. Sarkin ya ci gaba da amsa sunan Sarkin Zazzau, an kuma ci gaba da naɗa Madawaki da Galadima da sauransu kamar yadda a ke yi a Zariya kafin jihadi. Saboda haka tsarin da aka shirya domin babbar ƙasa mai fili da dawaki shi aka dasa cikin ƙaramar ƙasa mai duwatsu da kurmi.

Ko ta ina mutumin Abuja ya juya, mai tuta ya ke gani. Daga arewa ga Zariya. Daga gabas da kudu maso gabas ga Jama'a da Keffi da Nasarawa, dukansu masu biyayya ga Zariya. Daga yamma ga Lapai da Agaie da Bida, daga baya kuma ga Kontagora. A tsakiyar wannan zobe Hausawan Abuja tsiraru ne cikin Gwari, waɗanda su ke kiran kansu Gbagyi, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa. Waɗansu garuruwan waɗannan mutane sun yi amana da Abuja suna kawo gaisuwa da mayaƙa, waɗansu kuwa su ne a ke kai wa hari. Ƙasar tana da taimako guda da cuta guda ga mai yaƙi. Taimakon shi ne duwatsu da rafuka su kan karya sukuwar dawakin maƙiyi. Cutar kuwa ita ce ƙudan tsando na bakin rafi, wanda ke sa wa doki sammore, har ya zama dokin da aka saya da tsada daga arewa ba ya daɗewa kamar yadda zai daɗe a Katsina ko Kano.

2. Wa ke Riƙe da Mayaƙa

Sarautun Abuja an kasa su jeri jeri, kowane jeri da irin mutanen da a ke naɗawa a cikinsa. Wanda bai gane wannan rabo ba ba zai gane tsarin yaƙin ba, gama babu wata runduna da ke zaune dabam da sarautun. Kowane mai sarauta shi ne shugaban mutanensa a gida, shi ne kuma shugabansu a fagen fama.

Jeri na fari su ne rukuni, su huɗu: Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu. Madawaki shi ne shugaban yaƙi. Ɗa ne, amma ba ɗan sarauta ba, watau ba ya cikin masu gadon sarki. Yana cikin masu zaɓen sabon sarki tare da manyan malamai, yana kuma riƙe da sashe na gari. Sauran ukun kuwa a tsohon tsari babanni ne. In sarki ya fita yaƙi Galadima ba ya fita, shi ke zama ya riƙe gari, masu tsaron doka kuma suna hannunsa. Dallatu shi ke bin sarki sansani, ya kula da ginin masaukinsa, ya yi masa a can irin aikin da Galadima ke yi a gida.

Jeri na biyu su ne rawuna, aka raba su tsakanin Madawaki da Galadima. Mayaƙan cikinsu suna bayan Madawaki. Kuyambana shi ne na hannun damansa. Makama Babba yana da hannu wajen shirya mayaƙa da sha'anin ganima. Lifidi shi ne shugaban 'yan lifida, Garkuwa Babba kuwa na mayaƙan ƙasa. Akwai kuma Sata da Wagu da Shenagu.

Jeri na uku su ne fadawa, shugabansu Sarkin Fada. Waɗannan 'ya'ya ne, amma na sarki ne shi kaɗai, ba su bin Madawaki a zaman gida. A cikinsu akwai Jarmai, wanda a ke naɗawa saboda jaruntaka, da Barde mai jan mahayan da ke tsaron sarki, da Jagaba mai shiga gaba da dakaru, da Cincina mai kawo wa sarki labarin abin da ke gudana a ɓoye.

Bayan waɗannan sai bayin sarki masu sarauta. A nan ne a ke samun Sarkin Baka da Sarkin Bindiga da Sarkin Karma da Kunkeli, da kuma Shamaki mai kula da dawakin sarki. A fagen fama suna bin shirin da shugaban yaƙi ya yi, amma sarki ke naɗa su, shi ke ciyad da su, shi kuma ke tuɓe su.

In aka jera waɗannan aka duba, sai dabarar ta fito fili. Madawaki yana da umurni ran yaƙi, amma abin da ya mallaka na kansa shi ne mahayan rawuna da baransu. Masu tsaron jikin sarki ba nasa ba ne. Maharba da 'yan bindiga ba nasa ba ne. Garin da ya bari a baya yana hannun baba, wanda ba shi da ɗan da zai nema wa gado, ba shi kuma da dangin da za su taru a bayansa. Shi kansa Madawakin ba jinin sarauta ba ne, balle ya ce gadon ubansa ya ke nema. 'Ya'yan sarki, waɗanda su ke da haƙƙin gado, an hana su wannan sarauta. Watau wanda ke da dawaki ba shi da gado, wanda ke da gado ba shi da dawaki. Sarki ma ba a bar shi ya sake ba, gama ba shi da ikon fita babban yaƙi sai ya yi shawara da rukuni, in kuwa ya ɓata da Madawaki ya ɓata da rabin mahayansa.

3. Abin da Sunayen ke Nunawa

Ga mai nazarin harshe, sunayen nan suna da amfani fiye da jerin da za a ba yara su haddace. Ana iya duban su ta fuska biyu, ta ginin kalma da ta asalinta.

Ta wajen gini, akwai iri huɗu. Na ɗaya shi ne wanda aka ƙara wa ma a gaba, kamar Madawaki, daga dawaki, jam'in doki. A taƙaice a kan ce Madaki. A ƙasashen yamma irin su Gobir da Kabi an bi wata hanya aka ce Ubandawaki, a Katsina da Daura kuwa mai wannan aiki Kaura ne. Iri na biyu shi ne haɗin aikatau da suna, kamar Jagaba, daga ja da gaba. Na uku shi ne inda sunan kayan yaƙi ya zama sunan mutum ba tare da wani ƙari ba, kamar Lifidi da Garkuwa da Kunkeli. Na huɗu shi ne Sarkin kaza, kamar Sarkin Baka da Sarkin Bindiga.

Wannan iri na huɗu ya bambanta da sauran, domin shi ne ƙofarsa ke buɗe. Shi ne ginin da a ke yi wa shugabannin sana'a, irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa, har wa yau da shi a ke ƙirƙiro sababbi kamar Sarkin Tasha. Da sabon makami ya shigo ƙasa, ba a bukatar komai sai a ɗauki sunansa a liƙa wa Sarki. Da bindiga ta zo, ba a ba ta wuri cikin rawuna ba, sai aka yi mata Sarkin Bindiga aka sa cikin bayi, kamar dai sana'a ce a ke yi wa sarki. Sunaye irin su Kuyambana da Wagu da Shenagu kuwa, Bahaushen yau ba ya iya fasa su ya ce ga ma'anar kowane ɓangare, kuma ba a gina waɗansu sababbi a kan sigarsu.

Ta wajen asali, sarautar Galadima daga Barno ta zo, inda Galadima ke zaune a Nguru yana tsaron yammacin daular. Zazzau ta daɗe tana aika gaisuwa Barno, shi ya sa har a Abuja akwai mai sarautar Baƙon Barno cikin fadawa, ko da ya ke hanyar zuwa can ta toshe.

Inda asalin kalmomi ya fi ba da haske shi ne wajen kaya. Kayan doki da na bindiga galibinsu sunan Larabci gare su. Sirdi daga sarj ya ke, linzami daga lijam, likkafa daga rikab, lifidi daga libd. Bindiga daga bunduƙiyya ta ke, albarushi daga barud, harsashi daga rasas. A albarushi ana ganin yadda al ta Larabci ta manne wa kalmar ta zama jikinta, kamar yadda ta yi a alƙalami da aljihu. Takobi kuwa ɗan'uwan takoba ne na Buzaye. Amma in aka koma ga kayan mai tafiya ƙasa, baka da kibiya da kwari da mashi da gatari da kulki, babu Larabci a cikinsu. Rabon nan ya yi daidai da rabon tattalin yaƙi. Abin da mahayi ke bukata, ko shi kansa ko iliminsa, ta hanyar fatauci ya shigo. Abin da dakare ke bukata, maƙerin ƙauyensu da dajin bayan gidansu sun ishe shi. Ga ƙasa irin Abuja, wadda hanyoyin fataucinta ke bi ta hannun maƙiya, wannan bambanci babba ne.

4. Kayan Mahayi

Mahaya iri biyu ne. Akwai 'yan lifida, akwai kuma barade masu sauƙin kaya. Lifidi tufa ne mai kauri da a ke cusa wa auduga ko audugar rimi a ɗinke shi gida gida, a rufe doki da shi tun daga wuya har gindi, mahayin ma ya sa nasa. A kansa ya kifa kwalkwali, wani da gashin jimina a bisa. Mai hali ya kan sa sulke, watau rigar zobban ƙarfe, wadda a kan kawo daga ƙetaren hamada, a kan kuma gaje ta daga uba zuwa ɗa saboda tsadarta. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, wajen farkon ƙarni na 15, saboda haka kayan nan sun yi shekara ɗari huɗu a ƙasar Hausa kafin a kafa Abuja.

Amfanin lifidi shi ne kibiya ta kan maƙale a cikinsa ba ta kai fata ba. Da 'yan lifida a ke fasa sahun maharba, da su kuma a ke kewaye sarki. Amma yana da aibu uku. Yana da nauyi, sai ƙaƙƙarfan doki ke ɗaukarsa, ba ya kuwa yin nisa da shi a guje. Yana kama wuta, shi ya sa maharba su kan ɗaura wa kibiya tsumma mai wuta su harba. In kuma mahayin ya faɗi, da ƙyar ya ke tashi sai zagaginsa sun ɗaga shi. A kan tudu mai duwatsu ko cikin kurmi, aibun nan su kan rinjayi amfanin.

Barade su ne masu kai hari da bin wanda ya karye. Makaminsu mashi ne da takobi da garkuwa. Akwai mashin jifa, akwai na suka, akwai kuma asigiri wanda duk jikinsa ƙarfe ne. Takobin Hausa miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, a kafaɗa a ke rataya shi da hamila. Garkuwar da aka fi so ita ce ta fatar warwaji, wadda ke zuwa daga Asbin, in ba a samu ba a yi da fatar ɓauna ko ta giwa ko ta sa. Mai sarauta shi ke saya wa baransa doki da sirdi da makami, bara kuwa ya biya da biyayya da rabon abin da ya kamo. Saboda haka yawan mahayan ƙasa yana bin arzikin masu sarautarta ne, in fatauci ya tsaya sai turaka su fara zama wofi. Ana tuna Abu Kwaka da cewa shi ya buɗe wa fatake hanya suka riƙa shiga Abuja, abin da ya shafi turken doki kamar yadda ya shafi kasuwa.

5. Kayan Dakare

Mafi yawan mayaƙan kowace ƙasar Hausa a ƙasa su ke tafiya, a Abuja kuwa abin ya fi haka saboda yanayin wurin. Gaba gare su duka su ne 'yan baka. Bakan na itace ne da tsarkiya ta fata. Kibiyar ƙyauro ce da bakin ƙarfe mai kunne, ba a kuwa sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar yadda a ke yi a waɗansu ƙasashe, saboda haka ba ta da saiti daga nesa. Ƙarfinta yana ga dafi. Ana dafa 'ya'yan kwankwani da waɗansu haɗe haɗe har su yi kauri, a shafe bakin kibiya da shi. Dafin nan zuciya ya ke tsayarwa, ko ƙujewa kibiya ta yi wa mutum ko doki ta isa. Kowane gida na maharba yana da nasa haɗi da nasa makari, ba su kuwa faɗa wa bare. Gwari da Koro sun san wannan sana'a tun kafin Makau ya iso ƙasarsu, garuruwan amana kuma da irin waɗannan maharba su ke amsa kiran sarki.

Bayan maharba akwai 'yan karma, masu sauƙin kaya, da masu takobin ƙasa da a ke kira kansakali, da masu gatari da kulki. Masu garkuwa su kan tsaya gaba su yi wa maharba katanga. Kunkeli ƙaramar garkuwa ce kewayayya, kutufani kuwa babba ce mai rufe mutum kusan duka.

Bindiga tana da labari dabam. Tarihin Kano ya ambaci shigowarta daga Nufe a zamanin Kumbari, cikin ƙarni na 18, ya kuma ce Babba Zaki ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Ko da ya ke sunanta daga arewa ya zo, bindigogin ƙarni na 19 galibi daga bakin teku su ke hawowa ta Kwara da ƙasar Nufe da ta Yarbawa. Irin ta ƙanƙara ce, wadda a ke ɗura wa albarushi ta baki a tura da sanda. Kafin mai ita ya sake ɗuri, maharbi ya saki kibau da yawa, in kuma ruwa ya taɓa albarushi aikinta ya ƙare. Amfaninta na fari shi ne ƙara da hayaƙi masu firgita dawaki. Duk da haka sarakuna sun gane abin da ke cikinta. Hawan doki da lifidi sai wanda ya tashi cikinsa, amma bindiga kowane bawa ya kan koya cikin 'yan kwanaki, albarushi kuwa a ɗakin sarki a ke ajiye shi. Shi ya sa suka danƙa ta ga bayi. A Damagaram Sarki Tanimu ya kai wannan dabara nesa, ya tara bayi 'yan bindiga masu yawa, har aka ƙera masa igwa a Zinder.

Babban makamin ƙaramar ƙasa dai ganuwa ce. Abu Ja ya kewaye garinsa da ita. Al'adar Hausa ita ce a haƙa gwalalo a bayan ganuwa, a bar sarƙaƙƙiya ta tsiro, a ƙuntata ƙofofi yadda mahaya ba za su shiga da yawa gaba ɗaya ba. Mai kawo yaƙi ba shi da abin rushe irin wannan gini, sai dai ya zauna ya jira yunwa ta yi masa aiki. Shi ma kuwa guzurinsa ƙarewa ya ke yi, mayaƙansa manoma ne, da hadari ya fara haɗuwa hankalinsu ya koma gona.

6. Fita Yaƙi da Rabon Ganima

Hausa ta bambanta yaƙi da hari. Hari na 'yan mahaya ne, a tafi da dare a faɗa wa ƙauye da asuba a kwaso mutane da dabbobi. Yaƙi kuwa sai an yi shawara, malamai sun duba rana sun yi addu'a, an aika wa garuruwan amana, an buga tambari. Lokacinsa rani ne, bayan an gama girbi rafuka sun janye. A kan kafa sansani a bayan gari har jama'a su taru. Babu albashi, babu kuma ɗakin abinci na runduna. Kowa ya zo da guzurinsa, in ya ƙare a ci daga ƙasar da a ke ratsawa.

Shirin da aka saba a ƙasar Hausa shi ne 'yan leƙen asiri su yi gaba, dakaru su biyo, sa'an nan mahaya, sarki kuwa yana baya da 'yan lifidansa da baradensa. Maharba su ke buɗe faɗa. In sahun maƙiyi ya fara rawa sai a saki dawaki. In kuwa abin ya juya, wurin sarki a ke komawa a sake taruwa, muddin ana jin tambarinsa da kakakinsa mayaƙa sun san ba a karye ba. Aikin Jarmai ne ya kai gudummawa inda aka matsu.

Bayan yaƙi sai rabo, a nan ma an bi tsarin nan na hannu biyu. Ganima, wadda mafi darajarta bayi ne da dawaki, ta kan bi ta hannun sarki da ta hannun Madawaki. Sarki ya raba wa fadawansa da mutanen gidansa, Madawaki ya raba wa rawunan da ke bayansa. Kowane mayaƙi ya san hannun da ya ba shi, ya kuma san wanda zai bi in manyan biyu suka saɓa. Ba za a ɓoye ba cewa wannan tattali a kan kamun mutane ya ke tsaye, ƙauyukan da ba su yi amana ba su suka biya kuɗin tsaron Abuja da 'ya'yansu. Laƙabin Dodon Gwari da kansa shaida ne.

7. Gwaji da Maƙwabta

Ana gane ƙarfin gini ne in an dubi na kusa da shi da ya tsage. Maraɗi ƙasa ce irin Abuja, gama sarakunan Katsina da jihadi ya kora su suka kafa ta. A can Kaura shi ne shugaban yaƙi, yana kuma cikin masu zaɓen sarki. A ƙarshen ƙarni na 19 Kaura Hasau ya yi ƙarfi har ya fi sarakunan da ya ke yi wa aiki, abin ya kai Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa. A Zariya kuwa, bayan jihadi an sake tsarin, sarautar Madaki ta zama wadda sarki ke ba ɗansa ko ɗan'uwansa. Watau an haɗa gado da dawaki a hannu ɗaya. Sarkin Zazzau Yero ya tara 'yan bindiga, ɗansa Kwasau yana Madaki. Da Yero ya rasu a 1897, Kwasau ya nuna ƙarfin da ke bayansa, Wazirin Sakkwato ya naɗa shi ba don shi aka yi niyya ba.

A Abuja ba a yi haka ba. Daga Makau har Ibrahim sarauta ba ta fita daga gidan ba, babu Madawakin da ya hau gado. Ta wajen maƙiyin waje kuma, Yero ɗin nan ya kawo wa Abuja babban yaƙi cikin shekarun 1890, ya koma bai ci garin ba. Abin da ya kawo ƙarshen tsarin daga wata fuska ya zo. A 1902 sojan Turawan Ingila suka shiga Abuja da bindigogi masu ɗuri ta gindi, waɗanda lifidi ba ya tare harsashinsu, mulkin Ibrahim ya ƙare, aka naɗa Muhamman Gani. Shekara ta gaba Kano da Sakkwato, masu dubban dawaki, suka faɗi gaban irin waɗannan makamai.

Tun daga nan kalmomin suka rabu da aikinsu, kowace ta kama hanyarta. Madawaki da Jarmai da Barde sun zama sarautun girmamawa da na mulkin gunduma. Lifidi da sulke da kwalkwali sai ran hawan salla a ke fito da su, ko da ya ke kwalkwali ya sami sabon aiki a kan masu babur, sulke kuma a jikin motar yaƙi. Dakaru, waɗanda dā mayaƙan ƙasa kaɗai a ke nufi da su, yanzu sun haɗa har da na sama da na ruwa. Sabon tsarin ya zo da nasa aron daga Turanci, soja da hafsa da kofur da saje da samanja da bariki. Malamin da zai koyar da tsofaffin kalmomin a aji zai fi samun kan ɗalibansa in ya ba su kowace sarauta tare da jerin da ta ke ciki, da irin mutumin da a ke naɗawa, da hannun da ke ba shi rabonsa, gama a cikin waɗannan abubuwa ne ma'anar kalmar ta ke.